Hannun da Ya Kwance Ƙafar Malam

Har yau in na zauna ni kaɗai ina tambayar kaina: ranar da na kwance ƙafar maigidana, tausayinsa na ji, ko kuwa ban so a ce hannun wata ya fi nawa ba? Ni tsohuwa ce a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, ban yi karatu ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta muku, in kuka ya ci ƙarfina ta dakata.

Tun ina amarya ni ke gasa wa Malam jiki in ya dawo daga gona. Ruwan zafi, tsumma, man shanu. Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya a raye ba, sai wannan hidima ta zama abin taƙamata. Mata har turo mini ƴaƴansu suke yi in sun yi targaɗe.

Wata damina yana huɗa, sa ɗaya ya firgita ya fizge, bakin garma ya sare shi a agara, jijiyar nan ta bayan diddige. Aka kai shi asibiti Kano. Likitar da ta ɗinke jijiyar ashe ƴar Kibiya ce, yarinya ƙarama wadda na isa in yi jika da ita. Ta rufe ƙafar da farin simintin asibiti, ta ce kada a taka, kada ruwa ya taɓa, sai ita da kanta ta cire. In ta zo gida ganin iyayenta takan biyo ta duba shi, ta durƙusa ta ce Inna ina wuni, ta miƙo mini lemo. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Amma Malam ya sa ta a baki. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin likitar da yake kira ƴarsa, wai hannunta akwai albarka, wai ko zafin allura ba a ji. Ina bakin murhu ina ji. Na ce masa to ta zo ta dama masa kunu mana. Ya yi dariya ya ce tsohuwa da ke, har yanzu da sauran ƙarfi. Shi wasa ya ɗauka. Ni kuwa ina kallon ƙafar da na saba riƙewa, an rufe mini ita kamar rumbun wani.

Da ya fara kukan ƙaiƙayi a cikin simintin, na ce jini ne ya kwanta, gashi yake so, kuma yaran yanzu me suka sani a kan gashi. Ya ce likita ta hana. Na yi ta fushi, na daina zama kusa da shi, har ya gaji ya miƙo ƙafar. Na jiƙa simintin a ruwan zafi ya yi laushi na ɓamɓare, na gasa wurin, na shafa man shanu. Sannan na kama tafin ƙafar na tanƙwara sama, yadda nake yi wa targaɗe. Na ji abin ya tsinke a cikin hannuna kamar zaren saƙa. Malam bai yi ihu ba, salati kawai ya yi.

A asibiti ya ce wa likita shi ya cire da kansa ya taka. Ta dube ni, ta dubi man shanun da ke ƙyalli a diddigensa. Daga baya ciwon ya ruɓe, bakin jijiyar ya zagwanye, babu abin da zare zai kama. Na tambaye ta ko ba a sayar da wata jijiyar. Ta ce masana na gwada wani abu mai laushi kamar romon ƙafar sa in ya kwana ya daskare, inji ke shimfiɗa shi zare-zare, a sa a gurbin, nama ya bi shi ya haɗe yadda kabewa ke bin danga. Amma ana kan bincike, bai iso ga marasa lafiya irinmu ba. Allah ya gafarta mini, ko a lokacin haushi na ji da Malam ya ce kin ji ilimi.

Bai ƙara riƙe garma ba. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a gida ba ya koma zaman tabarma, yana tambayar masu wucewa ko dawa ta fitar da kai. Zaman ya cinye shi kafin zazzaɓin ajali ya zo. Yanzu in na ga tsoho ya saɓa fartanya ya wuce, matarsa nake yi wa hassada.

Ƴan'uwana mata, kishi ba sai da abokiyar zama ba. Nawa ya shigo ne da kamannin kula da miji. In likita ya ɗaure, ku bar shi ya kwance, ko da hannunku ya fi kowane hannu sanin jikin.

Ranar da zai cika, da hantsi, ina zaune nesa da ƙafafunsa, don tun wancan abu ban sake taɓa su ba. Ya ɗago kai da ƙyar ya kira ni.

"Matso ki danna mini wurin nan. Ita ta iya ɗinki, amma ke kika san inda yake mini ciwo."