Tulun Maikano Birki

A Dogon Dutsi in ka ce Maikano za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Maikano Birki, ko akuyar tasha ta san shi. Shekara ashirin da shida ya yi a gindin dogon yaro guda, a wani fili da ke bakin titin Ƙonni, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa buɗe injin mota ba. Ka kawo masa mota tana tari, da leɓe zai nuna maka garejin gaba. Shi birki ya sani, birki yake so. Cewa yake sa mota gudu aikin kowa ne, tsayar da ita shi ne ilimi.

Haifaffen Ɗan Kassari ne. Da amalanken jaki ya fara, sannan cin rani ya jefa shi bayan wata babbar mota a matsayin karen mota, aikinsa ya diro da weji ya cusa ƙarƙashin taya duk inda aka tsaya. Wata ranar kasuwar Kore Mairuwa birki ya ƙi. Maikano ya diro ya jefa weji, mota ta haye wejin kamar ba a sa komai ba, ta je ta sami wata yarinya mai tallan gyaɗa. Har yau bai san sunanta ba. Daga ranar bai sake hawa bayan mota ba. Ya gangara Kotonu, ya shekara tara a garejin wani ɗan Labanan mai motocin tsere, ya dawo gida da akwatin ƙarfe guda da taurin kai na mutum uku.

Abin da ya sa aka san shi kuwa tulu ne. Bayan filin akwai wani guntun tsohon titi da aka daina bi. A kansa Maikano ya ja layi biyu da farin fenti, taku ashirin tsakaninsu. Duk motar da ya taɓa wa birki sai ta kwana a wurinsa ta huce, da safe a ajiye tulu a kan layi na biyu, a ɗora masa wata ’yar jar hular yara, a taho da mota da gudun hamsin, a taka birki daidai layin farko. In ta tsaya ba ta taɓa tulu ba, sauka lafiya. In ta taɓa, a koma gindin bishiya, ko ta waye.

Mutanen Arewa ba sa ganin tulu da jar hula su yi shiru. Tsofaffi suka ce doguwa, wato aljana, yake kiwo a ciki. Samarin kasuwa masu ɗage wando suka ce shirka ce ƙarara, har aka taɓa aiko masa da mai wa’azi. Maikano ya kifa tulun a gabansa ya girgiza, ya ce, “Malam, duba da kyau, in ka ga iska ka kama ta. Tsawon ɗiya mai shekara biyar na nika nema, tulu kuwa ba shi da uwa da za ta yi kuka.” Tulu uku aka fasa masa a rayuwarsa. Na huɗun ya shekara goma sha ɗaya, ya sa masa suna Auta, kuma ba ya bari kowa ya ɗauke shi sai shi.

Filin ba nasa ba ne, nan ne gizo ke saƙar. Na marigayi Alhaji Iro ne, wanda ya ce ya zauna har illa masha Allahu. Da magada suka sayar, sai ya faɗa hannun Bilyaminu, wani matashin ɗan kasuwa mai shagunan wayoyi da farantan sola. Ba mugun yaro ba ne, a faɗi gaskiya. Ya bar tsohon a wurin, in ya zo wucewa yakan rage murya ya gaishe shi. Sai dai Allah ya jarrabe shi da son mota. Ya sayo wata baƙar motar Jamus mai ciki a ƙasa, wadda in ta yi gurnani kajin unguwa ke watsewa, kuma da ita yake kai ’yarsa Ummu makaranta kowace safiya.

Wata Talata ya shigo filin da motar, ya fito da jan kwali yana riƙe da shi kamar kayan lefe. Plaket ce a ciki, wato takalman birkin nan da ke damƙe faifan taya.

“Baba Maikano, ga plaket na kawo. Original ta, daga Dubai anka aiko mani. Compétition! Ko a Yamai babu mai irinta.”

Maikano ya zaro ɗaya, ya kankare ta da farcen babban yatsa, ya shinshina, sannan ya daɗe yana kallon hoton da ke jikin kwalin.

“Ɗana, wanga mutum mai hular kwano, mi shika yi?”

“Tsere mana, Baba.”

“To. Ka ga akuya cikin hoton ga? Ka ga amalanke? Ka ga ɗiyan lakwal za su makaranta suna ƙetara titin gudoro?”

Bilyaminu ya yi dariya, shi kaɗai.

“Gaskiya ka hwaɗi, ba jabu ta ba,” in ji Maikano. “Na sa irinta Kotonu har na gaji. Amma ba ta kamu sai ta yi zahi, sai an yi ta gudu ana taka ta. Da sanyin sahiya icce ta. Tahi shagon Is’haƙa ka ce shi ba ka wadda nika ɗauka, mai tokan kwali. Ita ka kamu tun takin hwarko.”

“Wadda aka sa ma taksi? A motata?” Fuskar Bilyaminu ta canza, domin akwai direbobi uku a kan benci suna saurare. “Baba, ni ban zo shawara ba. Aiki na kawo. Kuma kar a manta hilin wa aka zaune.”

Maganar ta shiga Maikano har ƙashi. Shekararsa sittin da huɗu, kuma duk garin babu wata inuwa da ke jiransa. Da azahar matarsa Shatu ta kawo masa fura, ta tarar labari ya riga ta zuwa.

“Malam, sa mashi abinai mana,” ta ce. “Motatai ta, kuɗinai na. In ya kore mu, bisa kaina za ka aza akwatin ga?”

“Ina sa mashi,” in ji Maikano. “Amma sai ta gaida Auta.”

“Kai da tulun ga, Allah shi raba ku lahiya.”

Ya sa plaket ɗin da hannunsa, bai yi ha’inci ko na ƙwayar zarra ba. Da la’asar ya hau titi ya nufi Kore Mairuwa yana gudu yana takawa don sababbin takalman su zauna a kan faifai. Da suka ɗau zafi kuwa, wayyo! Taɓawa kaɗan sai mota ta durƙusa. Tsohon ya ji daɗi har ya kama kansa yana murmushi, don mai sana’a ba ya ƙin abu mai kyau. Ya dawo ya ajiye ta a gindin dogon yaro ta kwana.

Safiyar Laraba, kafin ƙarfe bakwai, bakin tsohon titin ya cika: direbobi, ’yan kabu-kabu da baburansu, mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta. A al’ada Maikano ke tuƙa motar gwaji. Bilyaminu ya ce bai yarda ba, tsoho zai taka da rabin ƙafa don ya gaskata kansa. Maikano ya miƙa masa makulli ba musu. Ya ɗauko Auta ya ajiye a kan layi, ya gyara masa hula.

Mota ta taho. Daidai layin farko Bilyaminu ya taka birki da iyakar ƙarfinsa, kowa ya ga yadda ya miƙe a kujera. Birkin ya yi wata ƙara mai tsinin gaske wadda ta sa mutane toshe kunne, mota kuwa ta ci gaba da zuwa abinta. Sai ji aka yi fush, Auta ya tarwatse. Ta wuce layi da taku huɗu kafin ta ga dama ta tsaya.

Ba wanda ya yi dariya. Maikano ya taka a hankali, ya sunkuya, ya zaro jar hular daga ƙarƙashin taya, ya kakkaɓe. Baƙin ciki ya cika shi, na tulun da na abin da tulun ya tuna masa. Da ya yi shiru a nan, da watakila har yau yana gindin bishiyarsa. Amma Maikano bai iya shiru ba, bai taɓa koya ba.

“Ɗana,” ya ce, a gaban kowa, “Auta tsawonai guda da Ummu.”

Bilyaminu ya fito daga mota ya yo kansa. “Ɗiyata kaka yi ma mugun baki? Ɗiyata? Ka haɗa ta da tulun tsahinka?” Ya nuna filin da makullin. “Juma’a. Kar in iske ko ƙusa taka a nan.”

“Hilinka na, na ji,” in ji Maikano. Yana magana yana jawo jak, ya cusa shi ƙarƙashin motar a tsakiyar titin, ya fara ɗagawa. “Amma motar ga ba ta hita hannuna da wanga birki. Tahi ka kawo jandarma su ɗauke ni da ita.”

Bilyaminu ya dubi jama’a, bai ga fuskar da ke goyon bayansa ba. Ya jefar da makullin a ƙasa, ya hau kabu-kabu ya tafi. Maikano ya je shagon Is’haƙa da ƙafarsa ya karɓo mai tokan kwali, ya cire ta Dubai ya mayar cikin jan kwalinta tsaf, ya sa wannan, ya zaunar da ita a titi da la’asar kamar yadda ya yi wa waccan.

Safiyar Alhamis jama’ar ta ninka. Bilyaminu ya zo ɗaukar motarsa, bai gaida kowa ba. Maikano ya ba shi makulli da jan kwalinsa, ya ce saura gwaji.

“Da wane tulu?” in ji Bilyaminu.

Tsohon ya taka zuwa layi na biyu, ya ɗora ’yar jar hular a kan furfurarsa, ya harɗe hannu a baya ya tsaya.

Wannan ganganci ne, kuma duk wanda ke wurin ya faɗa masa. Shatu, da ta biyo shi don ta ga alamar ba lafiya ba, ta ɗora hannu a ka tana cewa, “Malam, ka haukace? Wanda ya kore ka jiya za ka ba ranka?” Maikano ya ce mata ba yaron ya ba ransa ba, aikin hannunsa ya ba. Bilyaminu ya ce wallahi ba zai tuƙa ba. Maikano ya ce to motar ta ƙara kwana. Suka tsaya ana kallon kallo, har dai matashin ya shiga ya ja ƙofa.

Ta taho da gurnaninta. Layin farko, hancinta ya dunguri ƙasa, tayoyi suka yi gunji kaɗan, ta tsaya cak. Babu ƙara ko ɗaya daga birkin. Mai shayi ya auna da ƙafarsa: taku uku tsakaninta da gwiwar Maikano. Masu gardama sun ce tsoro ne ya taka birkin nan, ba ƙafa ba. Su dai suka sani.

Bilyaminu ya daɗe a ciki, goshinsa a kan sitiyari. Kowa ya zaci zai fito ya ce Baba a yafe, a zauna. Bai fito ba. Maganar Ummu ta tsaya masa a rai, ga kuma idon mutane. Ya ja motarsa ya tafi, Maikano kuwa ko kallon roƙo bai bi shi da shi ba.

Ranar Juma’a da hantsi ya ɗora akwatinsa da jak da bencinsa a amalanken jaki, irin wanda ya fara rayuwa da shi. Ya ji ciwon rabuwa da bishiyar nan ƙwarai, ya shafa jikinta sau ɗaya, bai waiwaya ba. Yanzu yana can hanyar makaranta, kusa da tudun da aka yi don motoci su rage gudu, ƙarƙashin kwano biyu da rana ke gasawa tun hantsi. Masu kawo aiki sun ragu. Shatu ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, ran na huɗu ta dawo daga kasuwa da sabon tulu ta dire a gabansa.

Kowace safiya wajen bakwai da rabi baƙar motar na biyowa ta nan, Ummu a kujerar baya da jakar makaranta. Bilyaminu ba ya juyowa, gilashinsa a rufe. Da ta doshi tudun sai Maikano ya ajiye duk abin da ke hannunsa ya karkata kunne. Motar takan rage gudu shiru, ta haye, ta wuce.

Wata safiya Shatu na wurin, ta ga yana wannan saurare, haushi ya kama ta.

“Mutum ya kore ka, ko gaisuwa ba shi yi maka, kai kana kasa kunne kamar mai jiran kiran salla. Mi kaka saurare?”

“Ƙara,” in ji Maikano. “Ta Dubai ƙara takai da sahe.”

“To, ka ji ta?”

“Ban ji ba.” Ya ɗauki sifanarsa ya koma ƙarƙashin taksin da yake gyara. “Ya hidda ni hilinai, Shatu. Amma bai hidda birkina ba.”