Itacen Da Ya Girma Cikin Ƙanƙara

Mun tashi da asuba daga unguwarmu International City a Dubai za mu shagon gyaran kayan kiɗa, ni da maigidana da kawunsa, garayar Larabawan nan da ake kira ud tana kwance a cinyata kamar jariri marar lafiya. Kawu tsohon makaɗi ne, ya zo daga Kano duba mu. Da ya ji muryar ud ɗin ta dushe, sai ya kai ta baranda ta sha rana, yadda ake yi wa fatar garaya don ta ɗame. Ranar Dubai ba ta san wasa ba. Fuskar ud ɗin ta tsage. Tun daga nan ya daina haɗa ido da mu, har ya ce a matso masa da ranar komawa.

Bas ɗin da muka shiga sanyi kamar firji. A unguwar Port Saeed ta bakin ruwa muka sauka, muka ga jiragen ruwa na katako ana ɗora musu tayoyi da katifu har sama. Muka karya da karak, shayin madara mai kayan ƙamshi, abu ɗaya mai arha a garin da komai ke cizo.

Shagon gyaran na wani tsoho ne ɗan Siriya, ƙamshin katako ya cika shi kamar ɗakin amarya. Ya ɗauko wani fallen katako fari sol, irin wanda zai yi wa ud ɗin sabuwar fuska da shi, ya riƙe da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa. Wallahi katako ya yi amo, amon ya daɗe yana yawo kafin ya mutu! Ya ce sunansa sifurus, a duwatsu masu ƙanƙara yake girma, a hankali, shi ya sa layukansa suka matsu, ga rashin nauyi ga ƙarfi. Na lumshe ido ina hango dajin da ban taɓa gani ba.

Kawu ya matso bai sani ba. Tsohon ya miƙa masa fallaye. "Yalla habibi, zaɓa."

Kawu ya bi su yana ƙwanƙwasawa, kunne a manne. "Wannan mura yake yi. Wannan surutu ne da shi kamar amaryarmu."

Na ce, "Kai Kawu!"

"To ƙarya na yi? Yauwa, ga mai murya."

Mun bar ud ɗin a shagon, mun dawo gida da la'asar, Kawu na ta ba direban tasi labarin ƙanƙara da Hausa. Na gane kowane abin kiɗa da ƙasar da ta raine shi, kunne ne kawai ba shi da ƙabila. A bakin ƙofa ya dubi maigidana ya ce, "Bar tikitin nan yadda yake. Sai na ji sabuwar muryar ud ɗin nan."