Kamshaf ɗin da ta hana Doña Herminia zagayen San Isidro

Evaristo Gaitán bakanike ne, kuma duk garinmu babu mai hannunsa. In ka kawo masa mota tana tari, kafin ka gama gaisuwa ya gaya maka ciwonta. Sai dai abu ɗaya ne ba ya son a taɓo masa, kuma shi zan faɗa, don ni na gaji da ɓoye masa.

Daga ubansa ya gaji gareji da wata tsohuwar a-kori-kura mai silinda shida. Motar nan ita ke ɗaukar mutum-mutumin San Isidro, waliyyin manoma, duk ranar sha biyar ga Mayu. A ɗora shi a baya cikin furanni da zangarniyar alkama, a tashi daga coci a zaga gari har bakin gonaki, jama'a na biye da ƙafa suna waƙa. Shekara talatin da ɗaya gidan Gaitán na wannan aiki. Tun da gwiwoyi suka ci amanar mahaifiyarsa, Doña Herminia, sai ta koma zama a gaba kusa da shi. Ranar kaɗai take fita a shekara, kuma tun Afrilu take guge baƙar rigarta.

Abin da ya ja masa, baki ne. Duk Lahadi in an taru gashin nama, wani abokinsa Fulgencio, mai sayar da taya, sai ya tasa shi gaba.

"Kai Evaristo, motarka ce ta iso ko keken ɗinkin Mama? Wallahi ban ji shigowarka ba."

A yi ta dariya. Shi ma ya yi, amma abin na cinsa. Mutum mai shekara arba'in da shida, da furfura a gemu, wai ƙarar mota ce ta hana shi sukuni!

Ƙarshen Afrilu ya hau bas zuwa birni, wurin Don Anselmo Pedrotti, tsohon da ke wasa kamshaf. Ita ce sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe wa injin bawul yana rufewa. Tsohon ya jera masa guda uku a kan tebur, ya miƙa masa ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke sha, ya ce, "Ina kake zuwa da motar?"

"Nan da can."

"Ɗana, nan da can ba amsa ba ce. In titi ne, ɗauki ƙaramar nan, ko ta tsakiya in kana son ɗan gurnani. Babbar nan ba ta farkawa sai injin na ihu. A tafiyar hankali shaƙewa take yi, ga birki ya yi tauri kamar ka taka dutse."

Evaristo ya san duk wannan, shi da ke gaya wa wasu. Amma ya kalli tsohon nan ido cikin ido ya ce ai ta filin tsere ce. Ya ɗauki babbar.

Ƙara kam ta samu. Da ya saka ta ya tayar da motar, injin ya riƙa bugawa gub, gub-gub, gub, har kwanon gareji na rawa. Fulgencio ya zo ya cire hula ya ce, "To, yanzu ka zama namiji." Washegari ya gwada ta a giya ɗaya a bayan gari, ta yi tsalle biyu ta mutu. Saura kwana goma a yi zagaye, tsohuwar kamshaf kuwa tana nan naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin benci, aikin yini ɗaya ya mayar da ita. Bai mayar ba. Ya ɗan ɗaga silo, wato ya ƙara wa injin gudu a tsaye, ya ce zai lallaɓa ta da kuloci. So yake duk gari su ji ta a dandali.

Ranar ta zo. Ya ɗauko mahaifiyarsa cak ya zaunar da ita a gaba. Da ya murza ki, ta dube shi ta ce, "Me ya sami motar babanka? Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau, Mama."

Tun daga ƙofar coci abin ya ɓaci. In ya saki kuloci motar ta zabura kamar za ta hau masu riƙe da tuta, in ya taka ta shaƙe. Ƙarar ta danne waƙar gaba ɗaya. San Isidro na ta layi a baya, furanni na zuba, mata na salati irin nasu suna dafe ƙirji. Kafin layi na uku warin kuloci ya cika titi. A gaban kantin magani motar ta yi wata girgiza, ta yi shiru. Ya murza, ya murza, har batir ya fara nishi.

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Fada, limamin cocin, ya yi magana da maza a hankali, mutum shida suka hau suka sauko da waliyyin a kafaɗa, har da Fulgencio, wanda ya kasa kallon inda yake. Jama'a suka rabu biyu suka wuce motar ta hagu da dama. Wasu matan suka sunkuyo ta taga suna cewa, "Sannu, Doña Herminia." Sai titi ya zama wayam, daga shi sai ita.

Kunya ta hana shi ɗaga kai daga sitiyari. Da ƙyar ya ce, "Mama, bari in nemo wata motar in kai ki."

"A'a, zauna." Ta gyara wuyan rigarta. Can ya miƙa hannu zai ɗaga mata gilashi saboda sanyi, ta riƙe masa hannu. "Bar shi a buɗe. Ina jin su har yanzu."

Haka suka zauna har waƙar ta ɓace a wajen gonaki. Ba ta tambaye shi komai ba, ranar ko bayanta.

A makon ya mayar da tsohuwar kamshaf. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin baɗi, ta ce Allah ya kai mu. A watan Agusta ta rasu.

Mutanen garinmu ba su da riƙo, ba su karɓe aikin daga hannunsa ba. Har yau shi ke ɗaukar San Isidro, motar na tafiya sumul kamar keken ɗinki, ba mai cewa uffan. In samari sun zo garejinsa suna neman babbar kamshaf, tambaya ɗaya yake musu, ina suke zuwa da motar, kuma ba ya karɓar "nan da can". Ranar zagaye kuwa, ko ana ruwa, gilashin gefen da ba kowa, inda mahaifiyarsa ta saba zama, a buɗe yake barinsa.