Manta Uwa a Wuyan Giginya

Ƙanwata ta rasu ta bar ɗiya ba a yaye ta ba, muna zaman gudun hijira a Ƙaura. Yarinyar ta dawo hannuna. Kwana ashirin tana kuka, ta ƙi kunu, ta ƙi goyo, har idanunta suka faɗa. Ni kuwa na gaji, gajiyar da ko sallah sai a zaune nake yi.

Innarmu ta ce a nemo manta uwa, wadda ake jiƙa wa yaro a yaye don ya daina ƙulafucin nono. Na je kasuwa, wani mai magani ya miƙo mini kauci yana rantsuwa wai ita ce. Na ce, "Malam, wanga kauci na. Ni ɗiyar fadama ce, kak ka raina min wayo."

Na san manta uwa tun ina tallar gyaɗa. Ba a ƙasa take fitowa ba, a wuyan giginya take maƙalewa. Jikinta gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake, saiwoyinta farare sun miƙe sama cirko-cirko, furenta rawaya da ɗigon ja mai duhu. A giginyun fadamar bayan Dauran kaɗai na taɓa ganinta, kuma shekara biyu ke nan ko mai neman itace ba ya taka wurin saboda 'yan bindiga.

Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ji kukan, ta tambaye ni, na kwatanta mata maganin da inda yake fitowa. Bayan sati ta ɗaga faifai daga kan ƙwarya, sai ga gaɓa uku da saiwarsu. Na juya, na sansana, ita ce. Ban tambaye ta wa ya hau giginyar ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Na jiƙa na ba yarinyar safe da yamma. Ko maganin ne, ko ita ma gajiya ta yi, Allah ne masani. Kukan dai ya ragu, ta karɓi kunu, kumatu suka dawo, na samu na huta.

Da ta fara magana, wata rana ta ɗauki wayata tana latse-latse, hoton uwarta ya fito. Ta duba, ta ɗago ta ce, "Inna, wagga wa ta?"

Ni na nemo maganin, ni na jiƙa, ni na ɗura mata da hannuna.