Ranar da Mai Kututture Ya Ƙaryata Hannunsa

Kafin ya taɓa sifana, tsintsiya yake fara ɗauka. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk safiya Mai Kututture zai buɗe garejinsa, ya share simintin tas, ya barbaɗa yashi inda mai ya ɗiga jiya, sannan ya mirgino kututturan icce huɗu ya jera su a bakin ƙofa. Su suka jawo masa sunan. A makon nan zai miƙa makullin garejin ya koma gida, kuma bai kamata a bar mutum irinsa ya tafi shiru ba.

Motocin da yake gyarawa tsofaffin ƙananan bas ɗin nan ne masu inji a baya, waɗanda ba su da lagireto, ba a zuba musu ruwa. Iskar fanka da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya su. Yawancinsu sun girmi direbobinsu. Sauran makanikai tuni suka yi musu sallama, suka koma wa motocin zamani da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu. Shi ya zauna da tsofaffin, don masu su ba su da wata hanyar abinci.

Dokarsa ta farko kowa ya haddace ta: jak ɗaga mota yake yi, ba riƙe ta ba. Zai sa waigi gaba da bayan taya, ya laluba ƙarƙashi ya nemo ƙarfen da tsatsa ba ta ci ba, ya ɗaga, ya tura kututture, ya sauke motar a kai, ya sa kafaɗa ya jijjiga ta. Sai ta ƙi motsi sannan ya yarda wani ya kwanta. Direbobi su yi ta tsaki suna duba agogo.

"Baba, noti ɗaya ne fa zan ɗaure," in ji mai gaggawa.

"Na ji, noti ɗaya. Ƙirjinka fa, nawa ne?"

Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi yana cikin masu yi masa dariya a da. Wata rana yana kwance a ƙarƙashin wata mota a garejin yana liƙe salansa, jak ya huda ruɓaɓɓen ƙarfe, motar ta faɗo ta zauna daram a kan kututture, tsakaninta da hancinsa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ce har a haƙoransa ya ji ƙarar. Tun daga ranar, shi ke fara tashi ya taya mirgino iccen.

Amma ba kututturan ne suka ɗaukaka sunansa ba, yatsunsa ne biyu, babba da manuni. Irin wannan mota zafi ke kashe ta, direbobi kuwa da kyakkyawar niyya suke taimaka wa zafin. Wani ya ɓalle farantan ƙarfen da suka kewaye injin wai don ya sha iska, alhali su ke bi da iskar inda ake bukatarta. Mai Kututture ya tsinto su ya mayar yana faɗa. In mota ta dawo daga doguwar tafiya, sai ya zaro sandar auna mai, ya riƙe ta da yatsun nan, ya ƙirga goma. In ya kai goman, lafiya. In ya saki tun a biyar, motar ba ta barin garejin ko mai ita zai yi kuka. Da aka kawo masa tallar agogon da ke nuna zafin inji, ɗaga yatsun ya yi ya ce nasa agogon da shi aka haife shi. Alfahari ne, babu shakka, amma alfaharin da bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai ranar da Dogo ya zo. Dogo shi ke kai yara goma sha takwas makaranta ya dawo da su, a hanyar da ke da hawa mai tsawo. Ya tsaya da tsakar rana ya ce yana jin wani ƙauri. Mai Kututture ya zaro sandar, ya ƙirga goma cif.

"Lafiyarta lau. Je ka ɗauko 'ya'yan mutane."

Ba a jima ba 'yarsa ta kawo masa abinci. Tana zuba masa ruwan wanke hannu, sai ta tsaya da butar.

"Baba, me ya ƙona ka haka?"

Ya duba. Yatsun nan biyu sun yi bororo, fatar ta tashi fari fat. Ya danna da ɗaya hannun, bai ji komai ba. Ya sake dannawa. Nan take ya gane: sandar Dogo wuta ce ya riƙe, hannunsa bai gaya masa ba.

Tsoro ya kama shi, kuma gaskiya ba tsoron yaran ne ya fara zuwa ba, tsoron kansa ne. Babu wanda ya gani sai 'yarsa. Motar ta hau hawan nan sau dubu, wataƙila yau ma ta hau. In ya buɗe baki, abin da ya gina cikin shekara arba'in ya rushe, don ba wanda zai sake miƙa sanda ga hannun da ba ya ji. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya yi wannan tunanin, kuma yana jin kunyarsa har yau.

Ya kira wayar Dogo ba a ɗauka ba. Ya bar abincin a buɗe, ya hau bayan babur ɗin mai walda. Sun isa ƙofar makaranta yaran sun riga sun zauna, iyaye da malamai na tsaitsaye, Dogo na shirin tayar da mota.

"Sauke su," in ji shi.

"Baba, kai fa ka ce lafiyarta lau."

"Na ce. Kuskure na yi. Hannuna ya daina jin zafi, ga shi ka gani."

A gaban kowa ya faɗa, bai rage murya ba. Da aka ɗaga murfin injin, sai ga tsumma fanka ta zuƙe ya toshe hanyar iska, tiyon fetur kuma ya yi laushi har ya fara tsatsafowa a kan ƙarfe mai zafi. Dogo ya dubi tiyon, ya dubi yaran, ya nemi wuri a ƙasa ya zauna.

Likita ya ce ciwon suga ne ya kashe jijiyoyin yatsun, kuma ba za su dawo ba. Mai walda, don ƙauna, ya ba shi shawara ya sayi agogon nan ya ɓoye a aljihu, a ɗora wa tsumma laifi, magana ta wuce.

"In na yi shiru za su ci gaba da miƙo mini sanda," ya ce, "su tafi da hankali kwance."

Ya tara direbobinsa ya gaya musu komai. Sannan ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura musu agogon da ya raina, yana nuna wa kowa inda allura za ta kai ya tsaya ya kashe inji. Mota ashirin da uku, wata biyar. Da ya gama ta ƙarshe ya ce ya isa, don hannun da ba ya jin zafi ba zai ji ruɓaɓɓen ƙarfe a ƙarƙashin mota ba, shi kuwa ba zai kafa jak da zato ba.

Mai Kututture, kai ne wanda ba a taɓa ciro gawa daga ƙarƙashin motarsa ba. Kai ne ka riƙe amanar da ba wanda ya rubuta maka ita a takarda. Dattijo mai tsoron Allah, mun gode da shekarun da hannunka ya yi yana faɗin gaskiya, mun fi gode wa ranar da ya yi ƙarya ka tona shi da bakinka. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta cikin mutunci.

Duk wanda mutane suka dogara da idonsa ko kunnensa ko hannunsa, ya yi koyi da wannan bawan Allah: ranar da abin ya fara gazawa, ya zama shi ne farkon mai faɗa. Yara goma sha takwas sun taka da ƙafa zuwa gida a ranar, suna mita, suna jin haushin tsohon da ya hana su mota. Dukkansu sun isa.