Wayar da Na Ja wa Masallaci

Ni ban yi boko mai nisa ba. Firamare na gama da ƙyar, na shiga noman rani, da baya ya fara yi mini ciwo na buɗe shago a Kwanar Dangora, ina cajin waya ina sayar da ruwan sanyi. Iyakar sanina da kwamfuta shi ne a jona ta a wuta ta kama. Amma akwai makon da kwamfuta ta hana ni cin abinci, kuma har yau in na ji ƙarar janareto ta canja sai gabana ya faɗi.

'Yata ta fari ce ta kawo mini ita. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Inna nake ce mata. Lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun injiniyan ruwa. Aikin gamawa da aka ba ta a kan kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu ne. Ta yi watanni tana bin bakinsa da ƙafa, tana auna faɗi da zurfi, har ta yi baƙi kamar ni. Yadda ta yi mini bayani, akwai wata manhaja da ake gina kanal ɗin a cikinta, a sakar masa ruwan ƙarya, ita kuma ta yi ta lissafi har ta nuna inda ruwa zai yi gudu, inda zai kwanta, da inda zai tsallake baki ya shiga gonar mutane. Na ce mata ruwan Tiga ne fa, shi ya cinye garin ubana aka taso mu ina goye, yanzu ke kuma kin kama shi kin sa a akwati. Ta yi dariya.

Lissafin nan yana daɗewa. In an tayar da shi da hantsi sai bayan magariba yake gamawa, kuma ba a katse shi. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, wuta na ƙiftawa ita ma za ta mutu, a makaranta kuwa wuta ba tabbas. Shi ya sa ta taho gida, don janaretona tun safe yake aiki har isha'i. Malamin da ke duba aikinta ya gaya mata ƙarara, in ba ta kawo sakamakon ranar Litinin ba, sunanta ba zai shiga cikin masu kare aiki bana ba. Sai baɗi. Shekara guda cur, yarinya tana zaune a gida tana kallon ƙawayenta suna tafiya bautar ƙasa.

Na share mata ɗan ɗakin da ke bayan shago, inda nake ajiye buhunan ruwa. Ta tayar da abin ta koma gida wajen uwarta, don shagon ba wurin zaman mace ba ne, direbobi ne cike da shi, bakinsu kuwa ba linzami. Da yamma ta dawo ta tarar da kwamfuta a mace, gilashinta baƙi ƙirin.

"Baba, janareto ya mutu ne?"

"Ya mutu ina zaune ban sani ba? Taɓa firiza ki ji."

Ta taɓa. Sanyi ƙalau. Ta ce to wataƙila zafi ne ya yi wa kwamfutar yawa. Washegari muka ɗora ta a kan faranti, faranti a kan ƙanƙara, na juyo mata fanka ita kaɗai kamar mai jego. Ta sake mutuwa.

Daga nan aka fara buge-bugen waya. 'Yan ajinsu kowa da tasa. Wannan ya ce bairos ne. Wancan ya ce manhajar ce ba ta zauna daidai ba, a goge a sake sawa. Wata ta ce aikin ne ya fi ƙarfin kwamfutar, ta rage shi. Inna ta yi ta gwadawa, ni kuma ina shiga ina fita, ban san abin da nake nema ba. Wanda ya kawo caji ya zo karɓar wayarsa in miƙa masa ta wani. Uwarta ta aiko da tuwo, ya koma yadda ya zo.

Na rufe shago muka hau mota zuwa Kano wajen wani mai gyara. Ya buɗe kwamfutar, ya hure ƙura, ya goge manhaja ya sake sawa, ya tayar da lissafin a gabanmu. Ta yi ta aiki lafiya lau har muka gaji da zama. Ya ce shi bai ga ciwo ba. Na ce a sa mata sabon batir kowa ya huta. Ya zaga kasuwa ya dawo ya ce irin nata babu, sai an aiko daga Legas, kuma ba zai iso kafin Litinin ba.

Mutuwa ta uku ita ce ta yi ɓarna. Da ta kunna ta je buɗe aikin, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci. Ta danna, ya sake fitowa.

"Me yake cewa?"

"Fayil ɗin ya lalace, Baba."

"Ya lalace kamar yaya? Tumatir ne?"

"Tana cikin rubuta shi ta mutu. Rabi ya shiga, rabi bai shiga ba. Yanzu ba ta gane shi."

"To, awon da kika yi?"

"Yana ciki."

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na tambayi ɗan filashin da take adana abubuwa. Ta ce wanda ke ciki tsoho ne, tun kafin ta gama rabin kanal. Na fita na zaga shago na dawo. Na sake fita. Ita tana nan tana tono a cikin kwamfutar, gida bayan gida. Can ta ce, "Tsaya." Ashe manhajar da kanta tana ɓoye kwafi a wani lungu, da wani irin suna daban. Ta kwafe shi gefe tukuna, ta gyara masa suna, ta buɗe. Kanal ya fito. Sai dai wutsiyarsa babu, awon ƙarshe duk bai shiga ba. Allah ya sa ta ɗauki hotunan awon a wayarta. Ranar Juma'a gaba ɗaya a kan mayar da su ta ƙare, lamba bayan lamba, idonta ya yi ja.

Ranar Asabar ta ce ba inda za ta. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakin, ta ce yau sai ta ga abin da ke kashe ta da idonta. Ana gab da azahar ina ba wani direba ruwa na ji ta ƙwala mini kira.

"Baba! Me aka kunna yanzu?"

"Ba a kunna komai ba."

"An kunna. Fanka ta yi kamar za ta tsaya, janareto ya yi nishi, ita kuma ta ɗauke."

Muka kasa kunne. Sai ga ƙarar ruwa yana zuba a tankin masallaci.

Masallacin yana bayan shagona. Tun shekarar da na sayi janareton na ja masa wayar wuta, sadaka ga mahaifina, da ita ake kunna lasifika da sumo, injin da ke jawo ruwa daga burtsatse. Kullum kafin azahar ladan yakan tayar da sumo ya cika tankin alwala. In sumo zai tashi sai ya fizgi wuta, ƙiftawar ido ce kawai, firiza ba ruwanta, wayoyi ba ruwansu. Ni kunnena ya saba da nishin har ba na jin sa.

"Shi ke nan, Baba, gobe a cire wayar. Kwana ɗaya ne."

"Wayar masallaci? Ni in hau in cire ta mutane suna kallo?"

"To in maimaita shekara?"

Na bi gari neman aron ƙaramin janareto. Masu shi duk sana'a suke yi da shi, wanda na samu kuma wutarsa rawa take yi, ƙwan lantarki ma sai ya yi haske ya dushe. Lahadi kaɗai ta rage. Bayan la'asar na cire takalmi na durƙusa gaban ladan. Tsoho ne, abokin mahaifina, tare aka taso su daga tsohon gari. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

"Kai, faɗi abin da ya kawo ka. Mutuwa aka yi?"

Na faɗa masa. Ya sa aka kira Inna, don jika ya ɗauke ta, wasa suke yi.

"Amarya, ashe ni ke kashe miki talabijin?"

"Kai ne, tsoho. Kullum sai ka kashe."

"To ki biya ni in daina."

"In na zama injiniya zan saya maka haƙora."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya juyo gare ni, fuska ba wasa. Ya ce wayar da aka ba masallaci ba a cire ta, ko na yini ɗaya, sadakar ubanka ce. A bar ta inda take. Shi ne dai ba zai kunna ba. Inna ta ce lasifika ba ta jan wuta sosai, ita ana iya kunnawa. Ya ce a'a, ba ya son rabi da rabi, kafin a ƙirƙiro lasifika da me yake kiran salla? Ruwan alwala kuma, ya nuna ni da sanda, wannan aikinka ne.

Lahadi da hantsi ta tayar da lissafin. Ni kuma na ari kura wajen wani ɗan garuwa, na jera jarkoki, na kama hanyar rijiya. Masallacin bakin titi ne, duk motar da ta taso daga Zariya ko Tudun Wada nan take tsayawa, ruwa ba ya zama. In cika duron alwala, kafin in juyo ya yi rabi. Bayana ya riƙe, na ɗaure shi da rawani na ci gaba. Duk sawu sai na leƙa ɗakin.

"Tana yi?"

"Tana yi, Baba. Daina leƙowa, kana tayar mini da hankali."

Ladan ya ɗauko kujera ya zauna daidai ƙarƙashin makunnin sumo, sanda a kan cinya. Da azahar ta yi ya fito ƙofar masallaci ya sa hannu a kunne ya kira da bakinsa. Muryar ta tsufa, tirela na wucewa ta haɗiye ta. Mutanen unguwa suka yi ta tambaya ko lasifika ta ƙone.

Wajen la'asar ina tura kura daga nesa na hango wani direba, ƙato, ya murɗa famfo ba ruwa, ya leƙa duro ya ga ya kusa ƙasa, ya nufi makunni kai tsaye. Ɗan hanya ne, ya san wurin. Na saki kura na sheƙa, jarka ɗaya ta faɗi ta fashe. Kafin in isa ladan ya tokare masa ƙirji da sanda.

"Baba, ruwa zan kunna wa jama'a."

"Yau ba a kunnawa."

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Jikata ce take jarrabawa."

"Da sumo?"

"Da sumo. Ga mai ruwa can ya zo, miƙa masa butarka."

Direban ya dube ni, jiƙe sharkaf ina haki, ya girgiza kai ya ce garin nan sai a hankali.

Magariba ta yi, ladan ya kira, muryar ta kusa ƙarewa. Na yi salla rabin hankalina yana bayan shago, Allah ya yafe mini. Ana sallamewa na fito ko addu'a ban tsaya ba. Na tarar da ita tsaye, hannu a baki.

"Ta mutu?"

"Ta gama."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Ga kanal ɗinmu, ruwa shuɗi yana bin sa, ya yi kwana inda yake kwana, ya yi ja a wajen da yakan ɓalle mana da damina. Na ce ki kwashe shi tukuna kafin mu yi murna. Ta zuba a filashi, ta zuba a waya, ta tura wa malaminta, ta buɗe kowanne ta tabbatar yana buɗuwa.

Sai ga ladan a bakin ƙofa yana dogara sanda, da ƙyar ake jin sa.

"Amarya, in kunna? Mijinki ya mutu da ƙishi."

"Kunna, tsoho."

Ya koma. Jim kaɗan janareto ya yi nishinsa, fanka ta yi sanyi, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Inna ko kallonta ba ta yi ba. Tana ƙulle filashin a bakin mayafinta, ƙulli biyu, tana tambayata motar farko ta Kano ƙarfe nawa take tashi.