Malama Milka da Sunan Safina

Ƙarfe bakwai da rabi adaidaita sahu yake sauke Malama Milka a Nassarawa GRA daga Badawa, riƙe da jaka mai ɗauke da faifai da gwangwanin tsakuwa. Gida-gida take bi, tana koya wa yaran da aka dasa wa na'urar ji a kunne yadda za su saurara, su kuma yi magana. Da faifan take kare bakinta don kada yaro ya yi mata wayo ya karanci leɓɓanta. Mutane suna ɗauka da an gama tiyata an kunna na'ura yaro zai buɗe baki ya ce Baba. Ina! Ranar ma aikin yake farawa. Shekara talatin ta yi da yara kurame, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Zariya.

Mai son sanin ko wace ce ita ya tambayi Raliya, mahaifiyar Safina. Safina tana da shekara uku aka yi mata dashen. Wata huɗu bayan haka tana waigawa idan an buga ƙofa ko an kaɗa gwangwani, amma a kira sunanta, ko gezau. Hankalin Malama ya tashi, domin ta san kowane wata da ya wuce a waɗannan shekarun na ƙuruciya yana ƙara wa magana wuyar kamuwa. Uban yarinyar ma ya fara cewa wataƙila haka Allah ya ƙaddara, a haƙura.

Sai Malama ta rage surutu ta sa ido. Raliya mai harhaɗa magunguna ce, ta karanta duk abin da aka rubuta kan na'urar, ba ta taɓa barin batirinta ya mutu ba. Amma "yarinyar nan" take cewa, ko "ke". Safina 'yar fari ce, ga kuma surukar Raliya, Hajiya Hafsatu, a gidan. Kunya ba ta barin uwar ta ambaci sunan, balle ta zauna ta yi mata hira a gaban mutane.

Da wata malamar ce, da tuni ta hau Raliya da faɗa, ta ce wannan al'ada ta tsufa. Malama Milka a cikinta ta tashi, ta san ba ƙiyayya ba ce, ta kuma san wanda ya isa ya warware ta. Ta tuɓe takalmi ta shiga ɗakin Hajiya, ta durƙusa ta gaishe ta. Ta ce ita sa'a uku kacal take zuwa a mako, kuma kunnen jikar Hajiya ba zai koyi muryar da ba ya ji ba. Hajiya ta sa aka kira Raliya.

"Kunyar nan ni ake yi wa," in ji ta. "To na yafe. Kira 'yarki."

Raliya ta ce harshenta ya yi nauyi, sunan ya fito kamar raɗa. Malama ta ce a ƙara murya, ba sirri ake yi ba. Safina ba ta waiga ranar ba, haka washegari. Sai a mako na biyar, tana wasa da ruwa a bakin famfo, uwar ta kira ta daga ƙofar kicin. Yarinyar ta saki kofi ta juyo tana neman mai kiranta. Raliya ta zauna a ƙasa tana kuka, Malama kuwa ta sauke ajiyar zuciyar da ta yi wata biyar tana riƙe da ita. Yau Safina tana aji biyu, kuma ƙorafin malamar ajinsu ɗaya ne, surutu.

Malama Milka, ke ce mai haƙurin jiran kalma ɗaya wata da watanni. Ke ce kika gane ba yaron kaɗai ake koya wa ba, har da mutanen gidansu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya.

Masu shigowa aikin nan, ku koyi shiga gidan mutane da ladabi irin nata. Iyaye kuma ku yi wa 'ya'yanku magana, ko da ba su amsa ba tukuna. Raliya ta ce har yanzu takan kira Safina ba don za ta aike ta ba, sai don ta ga ta juyo.